Shafi Tara Da Ban Karanta Wa Iya Ba

Akwai wata magana da kuka tashi kuna jin ta a gidanmu, har ku ma kuka ɗauka kuna faɗa wa naku 'ya'yan. In wani ya yi tafiya ya daɗe, ko akuya ta ɓata aka gaji da cigiya, sai a ce, "A yi haƙuri, Dogo ma ya dawo." Kwanan baya na ji jikata tana faɗar ta a waya tana dariya, ba ta ma san wane ne Dogo ba. To yau zan gaya muku wane ne shi, in kuma gaya muku abin da na daɗe ina dannewa. Dogo bai dawo ba. Ni na dawo da shi da bakina, a ƙarƙashin rumfar mazarƙwaila, kuma ba a kaina ƙaryar ta ƙare ba. A kan Mama Rifkatu ta ƙare, matar da ta goye ku duka biyar.

Shekarar da abin ya faru ita ce shekarar da soja suka koya mana bin layi da bulala. Sabulu ya zama abin ɓoyo, madarar gwangwani sai wane da wane, gwamnati kuma ta ce za ta tsuke bakin aljihu, ashe aljihunmu take nufi. A lokacin ina aiki a wata makarantar sakandare a Ikara, ni ke kula da ɗakin littattafai. Aiki ne na goge kanta da yaƙi da gara, amma ina sonsa, don babu mai hana ni karatu. Wata Litinin aka manna takarda a ƙofar ofis, na duba na ga sunana ne na huɗu cikin waɗanda aka sallama. A wannan makon kuma wata malama 'yar Indiya da ke koyar da lissafi take haɗa kayanta za ta koma gida, don albashin ya daina kai wa iyayenta komai. Na taya ta ɗaure akwatuna. Da muka gama ta miƙo mini wani sabon littafi mai koren bango, na Turanci, ta ce garin mahaifiyarta ne a ciki, in karanta in ga inda za ta. Na karɓa da hannu biyu ina ta godiya, a raina kuwa ina cewa da ma sabulu ta ba ni.

Mahaifiyarku Hannatu ba a taɓa aikinta na asibiti ba, sai na bar ta a Ikara, na kwashi Dauda da Maryamu, su kaɗai aka haifa a lokacin, na koma ƙauyenmu a bayan Makarfi wajen Iya. Gidan da na tarar gida ne na mata biyu da wani suna da ba a faɗa. Yayana Yakubu ya bi motar albasa zuwa kudu, can bakin teku, ya sami aiki a wani jirgin ruwa mai kwasar yashi. Ya aiko da wasiƙa biyu, daga nan shiru, shekara huɗu. Wani mutumin Kudan da ya dawo daga can ya ce ya ji wani jirgi ya kife da 'yan Arewa a ciki, amma bai ga gawa ba, bai kuma ji suna ba. Yakubu ɗan fari ne, don haka Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba tun ranar da ta haife shi, "yaron nan" take cewa, kuma ko kuka ba ta yi masa a gaban mutane, don kunya. Matarsa Rifkatu, wadda shekara ɗaya kacal ta zauna da shi, ita ma ba ta faɗar sunan miji, sai dai "shi". Ka ga mutum ya ɓace, matan da suka fi kowa kewarsa kuma babu wadda ke da bakin ambatonsa.

Ana nan sai ga wani tela daga Hunkuyi, Istifanus, mutum mai sanyin hali wanda matarsa ta rasu, ya aiko yana neman Rifkatu. Iyayenta sun so. Ita kuwa, na lura duk ranar da aka ce kekensa ya shigo gari sai ta sake ɗankwali. Dattawan majami'a suka ce ba a ɗaura aure a kan aure. In uwar Yakubu ta yarda a zauna makokinsa a yi masa addu'ar rasuwa, Rifkatu ta zama gwauruwa, hanya ta buɗe. In ba ta yarda ba, matar aure ce har abin da Allah ya yi. Aka zo aka durƙusa gaban Iya. Ta dubi ƙasa ta ce:

"A bari a gama rake."

Rakenmu kuwa a rumfar Malam Audu muke matse shi. Maƙwabcinmu ne, Musulmi, aminin marigayi Baba, shi ke da injin matsa da dokin da ke juya shi. Ku ba ku ga wannan aiki ba, kun dai sha zaƙinsa. Doki yana ta zagaye da doguwar sanda, ana cusa rake, ruwan yana tsiyaya, a juye shi a babban kasko a yi ta hura wuta ana kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuzzuba a ƙananan tasoshi ya daskare. Iya ce mai sanin ya nuna, da hanci take ji, ba ta taɓa kuskure ba. Rifkatu ke zubawa a tasa. Ni da aka ga hannuna bai iya komai ba sai aka ba ni tura wuta, aikin da ko makaho zai yi. Jiran kasko dogon jira ne, sai na riƙa zuwa da koren littafin nan ina leƙawa. Rannan Iya ta harare ni ta cikin tururi.

"Kai da takardar nan. Karanta mu ji mana, ko gulmarmu ake yi a ciki?"

Na fara, ina karanta layi a zuci ina juya shi da Hausa. Ban kai ƙarshen shafi ba ta tsayar da ni.

"Tatsuniya ce?"

"A'a Iya, ba tatsuniya ba ce."

"To labari ne ke nan. Da ma na ce, wa zai ɓata takarda da tawada a kan tatsuniya, kuma da rana tsaka."

Abin da nake nufi shi ne babu dabbobi masu magana a ciki. Amma a duniyar Iya zance iri biyu ne kawai, tatsuniya da ake yi wa yara bayan tuwo, da labari wanda ya faru. Littafi ɗaya ta sani a rayuwarta, wanda ake buɗewa ranar Lahadi, kuma saboda shi ta bar tsafin iyayenta tana budurwa ta sha duka a kai. A wajenta duk abin da aka ɗinke a cikin bango gaskiya ne. Da kalma biyu zan iya gyara mata. Sai na yi murmushin masu boko, na ci gaba.

Ƙasa ce inda wani babban kogi, da ya kusa teku, sai ya rasa hanyar da zai bi ya tsattsage gida ɗari. Tsakanin rassan akwai tsibirai, kowanne an kewaye shi da ganuwar laka don kada ruwan gishiri ya shiga gonakin shinkafa. Mutanen ba su da jaki, ba su da keke, kwalekwale ne ƙafarsu. Sau biyu a rana ruwa yana janyewa ya bar laka tana walƙiya da ƙananan kaguwa, sau biyu yana dawowa har gindin ganuwa. Da na zo nan Malam Audu ya tsayar da dokinsa cak.

"Dakata, Bulus. Ruwan ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya sake dawowa? Kullum?"

"Kullum, Baba."

"Wa ke aikensa?"

"An ce farin watan sama ke jansa."

"Allah mai iko. Mu nan rani guda muke zaune muna jiran ya leƙo mu, su kuma ya mai da gidansu kasuwa."

Ni Indiyar da na sani ita ce ta silima a Zariya, masu rawa a kan duwatsu da mugu mai gashin baki. A littafin nan babu rawa, babu mugu. Akwai wata tsohuwa mai rowa da ke ɓoye irin wata shinkafa mai jure gishiri a tukunya ƙarƙashin gadonta. Akwai ɗanta, da matar ɗan. Sunayensu sun ƙi zama a bakin Iya, sai ta raɗa musu nata. Ɗan ta ce Dogo, don an ce sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Matar ta ce Talatu, don ranar Talata muka fara jin ta. Tsohuwar kuwa tun mako na biyu ta zama "ƙawata". Abin da ya kama ni shi ne marubucin ba ya gaggawa, kuma ba ya gaya maka wane ne na kirki. Babi uku tsohuwar nan ta yi tana gaba da maƙwabciyarta a kan agwagwa ɗaya, ranar da ganuwa ta fashe kuma ita ce ta ɗora jaririn maƙwabciyar a ka ta ratsa ruwa har wuya, da suka tsira ta ci gaba da gabarta. Talatu ba ta waƙa sai in tana wanke tukwane ta juya baya. Dogo yana tsoron uwarsa yana kuma satar mata taba. Mutane ne kawai, da halinsu mai kyau da marar kyau a ƙwarya ɗaya, kamar yadda na san mutanen ƙauyenmu. Har yau ban karanta littafin da ya san ɗan Adam kamar wannan ba, kuma na karanta da yawa.

Wannan rani ban san a ina na yi shi ba. Jikina yana Makarfi, amma da safe in na gangara fadama na ga raɓa ta kwanta fari a kan rake, sai in ga kamar ruwan ne ya dawo, in tsaya ina jiran kwalekwale ya ɓullo ta tsakanin ganye. Iska in ta bi ta gonar rake ƙarar ruwa take yi, ban taɓa lura ba sai a shekarar. A rumfa tururi mai zaƙi yana tashi yana rufe fuskoki, doki yana zagaye, muryata tana tafiya, sai in ɗaga kai in ga kamar rumfar ce tsibiri, mu huɗu da doki muna shawagi. Na manta an kore ni daga aiki. Matan da ke zuwa sayen mazarƙwaila na sari sukan zauna a kan buhunansu su ƙi tafiya, wata har daga Nasarawan Doya take tambaya ko an sami agwagwar. Iya da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi rafinmu ba ta riƙa duban rana tana cewa yanzu ruwa ya janye a garin ƙawarta, bari ta samu ta shanya kaya.

Da na san inda littafin ya nufa da ban fara ba. A tsakiyarsa gishiri ya cinye gonar, Dogo ya shiga jirgi ya tafi birni neman aiki. Ya aiko da saƙo sau ɗaya. Daga nan shiru. Nan na tsayar da karatun ranar. Washegari da sassafe muka durƙusa addu'ar gida kamar kullum, sai na ji muryar Iya ta canza.

"Ya Ubangiji, ka dubi Dogo duk inda ruwa ya kai shi. In yana jin yunwa ka ba shi abinci. In yana kwance ka tashe shi. Ka tuna masa yana da uwa, ka tuna masa ya bar 'yar mutane a ɗaki. Dogo, Ubangiji. Dogo."

Rifkatu ta ce amin da ƙarfin da ban taɓa jin ta yi ba. Na buɗe ido na ga hawaye yana bin fuskar Iya, ba ta ko share ba, don ai ba ɗanta take yi wa kuka ba, ɗan ƙawarta ne, babu kunya a ciki. Shekara huɗu matan nan suna neman sunan da za su kira, littafin wata ƙasa ya ba su. Tun daga ranar kullum sai an yi wa Dogo addu'a a gidanmu, har a taron mata na majami'a Iya ta sa aka yi masa.

Akwai kuma abin da na gani da idona, wanda shi ne ya hana ni samun uzuri. Duk abin da tsohuwar littafin ta yi, Iya sai ta gwada shi. Da aka karanta cewa tsohuwar, bayan shekaru tana riƙe da ma'aunin shinkafa, ta miƙa wa Talatu ta ce ta riƙa ɗiba da kanta, washegari Iya ta ɗauko ƙwaryar awon da take ɗibar dawa daga rumbu, wadda ko ni ban isa in taɓa ba, ta ajiye a gaban Rifkatu.

"Ungo. Ƙawata ma da rowarta ta saki, ni me zan riƙe?"

Da tsohuwar ta shafa wa Talatu mai a ka, da yamma na tarar Iya ta sa kan Rifkatu a cinya tana yi mata kitso, tana mita wai gashin ya yi tauri kamar igiyar rama. Malam Audu ya yi dariya ya ce in littafin nan ya ce tsohuwar ta ba maƙwabci saniya, in yi sauri in karanta.

Rake ya zo ƙarshe. Saura kasko biyu ko uku, littafin kuma saura shafi tara, dattawa suna jiran amsar Iya ranar Lahadi. Ban saba wuce su a karatu ba, tare muke tafiya, amma ranar Jumma'a da hantsi zuciyata ta ƙi kwanciya, na tafi bakin rijiyar fadama na zauna na karanta shi har ƙarshe ni kaɗai. Shekara bakwai Dogo bai dawo ba. Wani mai gyaran kwalekwale daga wani tsibiri ya nemi Talatu. Wata safiya da ruwa ya janye, tsohuwar ta jawo tukunyar nan daga ƙarƙashin gado, ta raba irin biyu, ta yage gefen zanenta ta ƙulle rabi a ciki. Ta kama hannun Talatu suka ratsa laka har inda jirgin fito yake tsayawa, ta sa ta a ciki, ta ɗora mata ƙullin a cinya. Ba ta ce ɗanta ya mutu ba. Cewa ta yi irin da ya daɗe a tukunya ba ya tsiro. Jirgin ya tafi, ita kuma ta tsaya a wurin har ruwa ya dawo ya rufe mata idon sawu. Nan littafin ya ƙare. Na rufe shi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kore ni.

Da na share ido sai na shiga lissafi irin na masu wayo. Na ce wannan zai kashe Iya. Na ce za a ce ni na shirya shi don in tura ta ta binne ɗanta da rai. Wannan dalilin shi na riƙa gaya wa kaina shekara da shekaru, kuma akwai gaskiya a cikinsa, amma rabi ce. Ga sauran rabin, ku karanta da kyau. Rifkatu ce ke yi wa Dauda da Maryamu wanka, ita ke dafa abin da muke ci, ita ke tashi in Maryamu ta yi zazzaɓi. Albashin mahaifiyarku shi kaɗai ya rage mana, ba za ta iya barin Ikara ba, Iya kuma ƙarfinta ya fara tafiya. In Rifkatu ta tafi Hunkuyi, wa zai riƙe mini gida? Ban faɗi wannan da baki ba, ko a zuci ban bari ya fito fili ba. Amma yana nan zaune a ƙarƙashin ɗaya dalilin, kuma shi ya fi nauyi.

Ranar Asabar aka ɗora kaskon ƙarshe. Na buɗe littafin, na kafa ido a kan shafin, na fara faɗar abin da babu shi a ciki. Ban taɓa sanin na iya ƙirƙira ba sai ranar, kuma abin baƙin ciki, ta yi kyau. Na ce da la'asar ruwa yana dawowa, Talatu tana wanke tukwane ta juya baya tana waƙa, sai ga wani kwalekwale ya taho tare da ruwan. Na ce wani ramammen mutum mai furfura a gemu ya sauko, ya hau ganuwa a hankali, ya zo ƙofar ɗaki ya sunkuya. Na ce tsohuwar ba ta ɗago ba, cewa kawai ta yi a ƙara shinkafa a tukunya. Ina faɗa kamar ni ma na yarda. Sai ƙauri ya bugi hancinmu. Iya, wadda ba ta taɓa kuskuren kasko ba, tana tsaye da ludayi a hannu ta bar shi ya kama.

"Shekara nawa ya yi?"

"Bakwai, Iya."

Ta ƙirga a yatsunta, ta naɗe huɗu, ta dubi ukun da suka rage.

"Namu huɗu ne kawai," in ji ta.

Malam Audu ya ce alhamdu lillahi yana goge ido da hannun riga. Rifkatu tana durƙushe tana zuba abin da aka ceto a tasoshi, na ga ɗaya ta cika tana malala a ƙasa, ita kuma ba ta daina zubawa ba.

Ranar Lahadi Iya ta ce wa dattawa ba a makokin mai rai. Istifanus ya zo a kekensa, ya gaishe ta har ƙasa, ya sha ruwa, ya ajiye wata riga da ya ɗinka wa Rifkatu, ya tafi. Da shekara ta zagayo ya auri wata daga garin Taba. Shekara bakwai ta cika da tafiyar Yakubu, Iya ta ce ai namu ruwan ya fi nisa. Ni kuwa na sami aikin koyarwa, muka tare a Makarfi, aka haifi sauranku, kowanne daga cikin uwarsa sai bayan Rifkatu. Sau da yawa na ɗauko littafin da niyyar in gyara, sai in ga Iya zaune a ƙofar gida tana kallon hanya da fuska a sake, in mayar. A shekara ta goma sha ɗaya da tafiyarsa ta rasu, tana cewa kada a ba kowa ɗakin yaron nan. Aka yi makoki biyu a haɗe, nata da na Yakubu. A lokacin Rifkatu ta doshi arba'in, da aka ce mata yanzu ta sami 'yanci sai ta yi dariya ta ce ta je ina, wa zai yi wa auta kitso. Kun sha jin ana kafa misali da ita a majami'a, mace mai haƙuri, mai riƙon alkawari. Duk ranar da aka yi haka ni ina kujerar baya ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bara, bayan an yi mini aikin ido na ga mutuwa ba ta da nisa, na buɗe akwatin ƙarfe na ɗauko littafin. Koren ya koɗe, gara ta ɗanɗana gefe, amma shafi taran nan suna nan fes. Na sami Mama Rifkatu, wadda ganinta ya riga ya dushe, da la'asar a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Na jawo kujera.

"Yaya, akwai abin da ban karanta muku ba a littafin Dogo."

"Ai ya dawo."

"Bai dawo ba."

Hannunta ya tsaya a cikin tire.

"To karanta, Malam. Ido ne ya tafi, kunne yana nan."

Na karanta mata, layi bayan layi, ban ƙara ba ban rage ba. Tukunyar, da yagaggen zanen, da lakar, da jirgin fito. Da na gama kaji sun zo suna tsince gyaɗar da ta zube, ba ta kore su ba.

"Da ƙafarta ta raka ta?"

"Da ƙafarta, cikin laka."

"To ka cuci Iya, Bulus."

Tunda aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kiran sunana haka tsirara ba.

"Bar tawa tukuna. Iya ka cuta. Tun ranar da ta ba ni ƙwaryar awo take neman wanda zai nuna mata yadda ake sakin mutum ba tare da an ce ya mutu ba. Ba ta iya ba ne kawai. Da ta ji ƙawarta ta yi, da ta raka ni Hunkuyi da ƙafa, ko mota ba za ta hau ba. Kai da karatunka ba ka san uwarka ba."

Na gaya mata ɗaya dalilin, na wanka da tuwo da zazzaɓin Maryamu. Ta ce wannan ba sai na faɗa ba, kuma yaran nata ne, ba ta yi da-na-sanin ko ɗaya ba. Na durƙusa da tsufana na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, har yau kuma ban sake tambaya ba, don ba ni da bakin matsa mata. Ta lalubo tiren ta gyara shi a cinya, ta juya fuska wajen fadama inda iska ke bi ta cikin rake.

"Talatu ta haihu a can?"

"Littafin bai faɗa ba, Yaya. Ya tsaya tana tsakiyar ruwa."

"To ta haihu. Tunda kai ka iya ƙari, ni ma na iya. Huɗu ta haifa, uku maza, autar mace. Shinkafar kuma ta tsiro."

Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta fasa, ta riƙe ƙwayar a tafin hannu ba ta ci ba. Sai na ga tana murmushi, irin wanda rabon da in gan shi tun lokacin da keke ke shigowa gari.

"Ashe ɗayarmu ta haye," in ji ta.